Tarken Hausar Warware Lissafi a Makarantun Jimeta: Kashi, Ƙididdiga da Kusurwa

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar aji lokacin darasin lissafi a unguwar Ajiya, ko Limawa, ko Luggere, cikin garin Jimeta, zai lura cewa harsuna biyu ne ke aiki a ajin. Malami yakan rubuta tambaya a allo da Ingilishi, ya karanta ta, ya dubi fuskokin yara, sa'an nan ya ce "wato". Daga wannan kalma ta "wato" har a kai ga amsa, da Hausa ake tafiya. Wannan Hausa ba ta cikin littafin da ke hannun yaro, ba kuma wani kwamiti ne ya zauna ya tace ta ba. Kowane malami da irin tasa: ya ɗebo daga Ingilishi, ya ɗebo daga kasuwa, gurbin da ya saura ya cike shi da nuni da alli. Duk da haka, a kanta ne fahimtar yaro ta rataya, kuma da wannan fahimta ce zai shiga ɗakin jarrabawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan Hausa ta bakin allo a fannoni uku da suka fi ba ɗalibai wahala, wato lissafin kashi, da ƙididdiga, da lissafin kusurwa wanda ake kira tirigonometiri. Ma'aunin tarken ɗaya ne: shin kalmar da aka zaɓa, ko jumlar da aka gina, tana kai yaro ga ma'anar lissafin, ko kuwa tana jan sa zuwa ga kuskure? Za a kuma duba abin da harshen ya riga ya mallaka a zaure da kasuwa, tare da nuna iyakar amfaninsa, domin yabon gwani ya zama dole, amma ɓoye aibinsa cin amanar ɗalibi ne.

2.0 YANAYIN HARSHE DA MANUFAR ILIMI

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Jimeta kuwa ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai a matsayin garin ciniki da ma'aikata. Tun daga zamanin Jihar Gongola har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Adamawa, garin ya kasance matattarar Fulani da Hausawa da Bata da Bacama da Camba da Kilba da Margi da sauran al'ummu masu yawa. Hausa ce harshen da ya haɗa su a titi da kasuwa. Saboda haka yaro ɗaya a Ajiya yana iya yin ƙirga da Fulatanci a gida, inda shida da bakwai suke ginuwa a kan biyar (jowi, jowego, joweɗiɗi), ya yi ciniki da Hausa, ya ji sunayen adadi na Larabci a Islamiyya, sa'an nan a tambaye shi da Ingilishi a aji. Wajibi ne a faɗa tun farko cewa Hausa ba harshen uwa ba ne ga kowane yaro a Jimeta. Hujjar amfani da ita a aji ita ce kasancewarta harshen da mafi yawan yaran suke ji.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa a farkon firamare, kafin a koma ga Ingilishi. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe da ta faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, bisa hujjar faɗuwa a jarrabawa a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa.

Abin tambaya a nan shi ne, wane kayan aiki aka ba malami kafin a yanke wa harshen hukunci? Akwai ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa da Fulatanci, wanda ya fito a 1987, amma na matakin firamare ne. Akwai littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya fito a 1990, amma fagensa harshe ne da adabi da dabarun koyarwa. Dukkansu ayyuka ne na a-zo-a-gani, sai dai jerin kalmomi ne, kuma jerin kalmomi ba ya warware tambaya. Shirin firamare na shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970 ya koyar da lissafi da Yarabanci, ya kuma yi nasara, domin an rubuta littattafai, an horar da malamai. Malamin Jimeta bai sami irin wannan gata ba. Soke manufa kuma ba zai hana shi cewa "wato" ba gobe da safe. Don haka tarken abin da ke biyo bayan "wato" bai rasa muhalli ba.

3.0 LISSAFIN KASHI

3.1 "Bisa" da "cikin"

Akwai hanyoyi biyu da ake karanta 1/3 da Hausa a yau:

(1) ɗaya bisa uku
(2) kashi ɗaya cikin uku

Misali na (1) shi ya fi yawa a aji. Fassara ce ta yadda ake faɗa da Ingilishi, kuma abin da take bayyanawa shi ne mazaunin alƙaluma a allo: wannan yana sama, wancan yana ƙasa. Ba ta ce komai a kan yawa ba. Yaron da ya tashi da "bisa" yana ganin adadi biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, don haka idan aka ce ya tara 1/2 da 1/3, sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo 2/5. Wannan amsa ba ta ma kai rabin da aka fara da shi ba, amma babu abin da ke cikin kalmar "bisa" da zai sa ya yi shakka.

Misali na (2) ya fi inganci, domin "cikin" tana nuna dangantakar yanki da abin da aka yanka. Sai dai tana da nata cikas. Na farko, kalmar "kashi" ta yi nauyi da ma'anoni: "an raba kashi uku" daban, "ya ɗauki kashi uku" daban, sa'an nan ga masu labarai a rediyo da kan ce "kashi 20" su haɗiye "cikin ɗari". Na biyu, idan adadin sama ya fi na ƙasa, kunne ba ya karɓa. "Kashi bakwai cikin shida" magana ce da Bahaushe zai ce ba ta yiwuwa, alhali 7/6 adadi ne sahihi.

3.2 Sunayen kashi

Hausa tana da hanya ta uku wadda aji ya yi watsi da ita. Ban da "rabi", harshen ya aro sunayen kashi daga Larabci tun da daɗewa: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushiri. Muhimmancinsu na nahawu ne. Kowannensu suna ne, kuma suna a Hausa yana karɓar adadi a bayansa kamar yadda "akuya" ko "mudu" ke karɓa. A duba:

(3) Rabi sudusi uku ne.
(4) Sulusi sudusi biyu ne.
(5) Sudusi uku da sudusi biyu sudusi biyar ne.

Babu yaron da zai tara akuya uku da akuya biyu ya canza sunan dabbar. Haka nan wanda ya ji (5) ba zai tara shida da shida ya kawo sha biyu a ƙasa ba, domin a kunnensa "sudusi" sunan abin da ake ƙirgawa ne. "Sudusi bakwai" ma ba ta saɓa wa kunne ba: ɗaya ne da sudusi. Iyayenmu da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 sun san irin wannan tsari ta fuskar kuɗi, inda sule yake kwabo 12, sisi rabinsa, taro rubu'insa, nai kuwa taro uku, anini kuma ushirin kwabo.

Iyakar wannan hanya a fili take. Sunayen sun tsaya a ushiri, babu sunan 1/11 ko 1/24. Haka kuma yaran yau da yawa ba su san wanin "rabi" da "kwata" ba. Shawarar da ake bayarwa ita ce a fara da sunayen nan har ma'ana ta zauna, sa'an nan a wuce zuwa "kashi kaza cikin kaza" don manyan adadi, a bar "bisa" ga karatun alama kawai.

3.3 Rabawa

Tambayar da ta fi tsayar da aji ita ce raba adadi da kashi, kamar 3 ÷ 1/2. Malami yakan ce "a juya na biyu a ninka", yaro ya haddace, ya sami 6, ya kuma yi mamakin yadda aka raba abu ya ƙaru. Tushen mamakin shi ne an saba fassara alamar rabawa da "raba gida kaza". "Raba uku gida rabi" kuwa ba magana ba ce. Amma Hausa ta bambanta rabawa iri biyu:

(6) Raba goro 12 gida uku.
(7) Raba goro 12 uku-uku.

A (6) an san yawan masu karɓa, ana neman rabon kowa. A (7) an san rabon kowa, ana neman yawan masu karɓa. Ninka kalmar adadi, wanda ɗabi'a ce ta ƙirar kalma a Hausa, shi ya ɗauki ma'ana ta biyu. Da wannan ne tambayar ke warwarewa: "Ga gero mudu uku, a raba shi rabi-rabi, mutum nawa za su samu?" Duk yarinyar da aka taɓa aika awo kasuwar Jimeta za ta ce shida ba tare da alli ba. A nan harshen ya yi wa malami rabin aiki, malamin ne bai karɓa ba.

3.4 Darasi daga rabon gado

Fagen da aka fi daɗewa ana lissafin kashi a ƙasar Hausa da Fombina shi ne ilimin rabon gado, wanda ake karantawa a zaure cikin littattafan fiƙihu irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Ba baƙon abu ba ne a tarihin lissafi, domin littafin aljabara na Alkawarizmi, na ƙarni na 9, ya ware babban sashe ga matsalolin gado da wasiyya. Kason da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Don haɗa su, malamai sukan nemi "asalin mas'ala", wato ƙaramin adadin da kowane kaso zai fita daga cikinsa ba tare da gutsure ba. Wannan shi ne ainihin abin da yaran aji ke kira "elsiyam", haruffa uku na Ingilishi da ba su ce musu komai ba. Kalmar "asali" ta fi su ma'ana, ta kuma riga ta zauna a harshen.

Sai dai a nan ma akwai rami. A ɗauki mas'alar nan sananniya: mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba, da dukiya ta naira 270,000. Mata tana da sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Asalin mas'ala 24 ne, kason ya zama 3, da 16, da 4, da 4, jimla 27. Kaso ya fi asali yawa. Abin da malamai ke yi shi ne "auli": a mayar da asali 27, a raba dukiya gida 27, kowane kaso ya zama naira 10,000. Mata ta sami 30,000, 'ya'ya 160,000, uwa da uba 40,000 kowanne. Sumunin mata ya koma tusu'i ke nan.

Wannan aiki daidai ne a fagensa, amma idan malamin lissafi ya kwaso shi ba bayani, yaro zai ɗauka cewa ya halatta a canza adadin ƙasa duk lokacin da na sama ya fi shi. A lissafin aji, 27/24 ɗaya ne da sumuni, ba ya zama 27/27. Auli rabo ne bisa gwargwado, wato 3 ga 16 ga 4 ga 4, kuma a babin gwargwado ya kamata a koyar da shi. Aron kalma daga zaure yana buƙatar tantancewa kamar yadda aro daga Ingilishi yake buƙata.

4.0 ƘIDIDDIGA

Matsala ta farko a wannan fanni ita ce sunansa. Ana amfani da "ƙidaya", da "ƙididdiga", da "alƙaluma" kamar abu ɗaya. Ya dace a keɓe "ƙidaya" ga ƙirga mutane ko kaya ɗaya bayan ɗaya, "alƙaluma" ga adadin da aka tattara, "ƙididdiga" kuma ga ilimin tsara su da fitar da hukunci daga gare su.

Matsala ta biyu ta fi girma. Manhajar sakandare ta bambanta ma'auni uku na tsakiya, waɗanda yara ke kira min, da midiyan, da mod. Idan aka zo bayani da Hausa, sau da yawa kalma ɗaya ce ke ɗaukar dukkansu, wato "matsakaici". A ɗauka cewa 'yan tireda bakwai sun sami ribar yini kamar haka, da naira:

(8) 2,000, 2,000, 2,000, 3,000, 4,000, 5,000, 24,000

Jimla 42,000 ce. Idan aka raba ta gida bakwai, kowa zai tashi da 6,000. Idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya 3,000 ne. Adadin da ya fi maimaituwa kuwa 2,000 ne. To, wanne ne "matsakaicin riba"? Wanda ya ce 6,000 bai yi ƙarya ba, amma shida daga cikin mutum bakwai ba su kai haka ba, mutum ɗaya ne ya ja adadin sama. Harshen da ya kira ukun da suna ɗaya ya rufe ƙofar wannan tambaya, alhali ita ce zuciyar darasin, kuma ita ce ɗalibi zai buƙata ranar da ya ji an ambaci matsakaicin albashi ko matsakaicin farashi a rediyo.

Ana ba da shawarar sunaye uku da kowannensu ke faɗin aikinsa: "raba-daidai" ga na farko, harɗaɗɗen suna ne da Bahaushe ya sani, "tsakiyar jeri" ga na biyu, domin kalmar "jeri" tana tuna wa yaro cewa sai ya jera kafin ya zaɓa, kuma mantuwa da jerawa shi ne kuskuren da aka fi yi, "mai rinjaye" ga na uku. A bar "matsakaici" ya zama sunan gidan gaba ɗaya.

Haka batun samfur yake. Mai sayen hatsi da ke soka wa buhu ƙarfe daga ƙasa da tsakiya, maimakon ya duba baki kawai, ya san cewa samfur yana iya yaudara. Mai sayen kwandon tumatir ya san manya ake ɗorawa a sama. Ilimin yana nan a kasuwa, jumlolin da za su ɗauke shi zuwa allo ne ba a rubuta ba. A ƙara da wani kuskure na karatu: idan aka karanta 0.25 "ɗigo ashirin da biyar", aka karanta 0.5 "ɗigo biyar", yaro zai ɗauka na farko ya fi girma. Daidai shi ne "ɗigo biyu biyar", kuma rubu'i bai kai rabi ba.

5.0 LISSAFIN KUSURWA

A nan ne Hausar aji ta fi rauni. Abin da ke faruwa galibi shi ne a rera "sokatowa", wato haruffan farko na kalmomin Ingilishi tara, a bar yaro da waƙa. Wanda bai san kalmomin tara ba, bai riƙe komai ba sai amo.

Kalmar "kusurwa" kanta tana buƙatar gyara. A Hausar yau da kullum wuri ce, kamar kusurwar ɗaki, ko kuma jiha, kamar kusurwoyi huɗu na duniya. A lissafi kuwa gwargwadon buɗewa ce tsakanin layi biyu. Yaron da ya ɗauke ta a matsayin wuri zai ga cewa kusurwar da aka zana da dogayen layuka ta fi wadda aka zana da gajeru. Ba a cewa a jefar da kalmar, domin ta riga ta zauna, kuma ta fi "kwana" da wasu ke arowa. Abin da ake bukata shi ne a riƙa haɗa ta da aikatau na buɗewa da juyawa: ƙofa ta buɗe digiri 30, ta buɗe digiri 90.

Game da sayin, da kosayin, da tanjan, ra'ayin wannan maƙala shi ne a are su yadda suke, a yi musu kwaskwarima ta rubutu, domin da su yaro zai gamu a jarrabawa da na'urar lissafi. Tarihin kalmar sayin ya isa ya kwantar da hankalin mai ƙyamar aro. Masana lissafi na Indiya sun kira abin da sunan tsirkiyar baka, Larabawa suka are shi suka ce jiba. Da yake rubutun Larabci ba ya nuna wasula, sai aka riƙa karanta shi jaib, masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka fassara wannan da kalmarsu mai ma'anar lanƙwasar riga a ƙirji, daga nan ta shiga Ingilishi. Kalmar jaib ɗin nan ita ce ta ba Hausa "aljihu". Kalmar da aka gina a kan kuskuren karatu ta yi aiki fiye da shekaru ɗari takwas, saboda an yarda da ita, an kuma bayyana ma'anarta. Darasin shi ne, yarjejeniya da bayani sun fi asalin kalma muhimmanci.

Bayanin kuwa Hausa tana iya ɗaukarsa. Larabawa sun kira tanjan da sunan inuwa, kuma ta inuwa ce hanya mafi sauƙi:

(9) An kafa sanda mai tsayin mita 2, inuwarta ta kai mita 1.5. A daidai wannan lokaci inuwar giginya ta kai mita 12. Nawa ne tsayin giginyar?

Tsayin sanda a raba da tsawon inuwarta ya ba da sulusi huɗu. Tun da rana ɗaya ce, a tsayi ɗaya, gwargwadon bai canza ba ga giginya: sulusin 12 huɗu ne, sulusi huɗu 16. Giginya mita 16 ce. Wannan gwargwado na tsayi da inuwa shi ne tanjan na kusurwar da rana ta ɗaga, a nan kimanin digiri 53. Daga kan giginya zuwa ƙarshen inuwa mita 20 ne, wato 12, 16, 20, ninki huɗu na 3, 4, 5 da magina ke amfani da su wajen daidaita kusurwar gini.

Yola tana da wata falala a nan. Tana kimanin digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya a tsakar ka, inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana. A fiƙihun Malikiyya, La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. A waɗannan ranaku da babu inuwar zawali, hakan yana nufin rana tana digiri 45, tanjan ya zama ɗaya. Ladanan da suka riƙa auna inuwarsu da taki kafin zuwan agogo wannan lissafi suke yi. Sai dai malami a gari irin Jimeta ya tuna cewa ajinsa ya haɗa Musulmi da Kirista. Misalin salla da na gado tushe ne na kalmomi ga masu tsara littafi. Inuwar giginya da mudun gero kuwa na kowa ne. Haka kuma inuwa ba ta wuce digiri 90, don haka idan darasi ya kai ga kusurwa mai faɗi, dole a koma ga da'ira.

Saura sunayen gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90. "Mai fuskanta" ya dace da gefen da ke daura da kusurwar da ake magana a kai. "Maƙwabci" yana da matsala, domin gefe biyu ne ke maƙwabtaka da kowace kusurwa. Mafita ita ce a fara keɓe "dogon gefe", wanda ke fuskantar digiri 90, sa'an nan maƙwabci ya zama ɗayan da ya saura.

6.0 GININ JUMLA DA RUBUTU

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawancin cikas ba na ƙarancin suna ba ne. Yana cikin ƙananan kalmomi da ginin jumla, waɗanda ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi ba ya kulawa da su. A kwatanta:

(10) Audu ya fi Bala da naira uku.
(11) Audu ya fi Bala sau uku.

Ta farko tarawa ce, ta biyu ninkawa, kuma kalma ɗaya ce ta raba su. "Ya ninka sau biyu" kuwa wasu na fahimtarta a kan biyu, wasu a kan huɗu, domin ninka takarda sau biyu gida huɗu yake bayarwa. Haka "aƙalla biyar" ta haɗa da biyar, "fiye da biyar" ba ta haɗa ba, "bai wuce biyar ba" ta haɗa. Waɗannan su ne ke yanke hukunci a tambayar ƙididdiga, kuma suna buƙatar a daidaita su a rubuce.

Ƙa'idar rubutunmu ma tana da nata alhaki. Tun da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, umurnin a haɗa 9 da 9 zai fito a rubuce "tara tara da tara". A baki babu ruɗani, a takarda akwai, musamman ga yaron da Hausa harshensa na biyu ce. Littafin lissafi na Hausa zai fi kyau ya zaɓi "haɗa" a wurin aikatau, ya kuma rubuta adadi da alƙaluma.

7.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa Hausar da ake warware lissafi da ita a makarantun Jimeta tana da aibobi na gaske: "bisa" da ba ta faɗin yawa, "matsakaici" da ya haɗiye ma'auni uku, "kusurwa" da ke nuna wuri, da haddar haruffan da ba su da ma'ana ga yaro. An kuma nuna cewa maganin da yawa daga cikinsu yana cikin harshen: sunayen kashi, ninka adadi wajen rabo, asalin mas'ala, raba-daidai, da awon inuwa. Ƙasar da ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ba ta fara tunanin adadi jiya ba.

Aikin da ya rage na masana harshe ne tare da malaman lissafi. Abin da malamin Ajiya ke bukata shi ne littafin tambayoyi warwararru, mataki bayan mataki, da Hausa a shafi ɗaya da Ingilishi a ɗaya, wanda aka gwada a aji aka gyara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola da Jami'ar Modibbo Adama suna da ma'aikatan da za su iya wannan, tare da sassan harsunan Nijeriya na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma ya kamata a yi wa Fulatanci irinsa. Ko da Ingilishi ya ci gaba da zama harshen allo da na jarrabawa, bayanin baki zai ci gaba da gudana da Hausa. Zaɓin da ke gabanmu shi ne a tace wannan Hausa a rubuta ta, ko a bar kowane malami da tasa, yaro kuma ya ci gaba da kawo 2/5.